Ranar da Na Ƙi Karɓar Auren Ƙanena

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren ƙanena Isuhu ba, kuma ko na so mantawa mutanen Barmu, garin amaryarsa, ba za su bar ni ba.

Ni malamin lakkol ne, wato makarantar boko, a Tawa, kowa Mushe yake ce mini, wato malam da Faransanci. Bayan rasuwar mahaifinmu ciwon damuwa ya kama ni sosai, ba barci, ba cin abinci, ko dariyar yara haushi take ba ni. Likita ya ɗora ni a kan magani, ya tambaye ni ko ina shan sigari, na ce ina sha kamar an yi mini wahayi. Ya daidaita mini magani, a hankali na dawo mutum.

To da na ji daɗin jikina sai jarumta ta motsa. Wata safiya na murƙushe kwalin sigari na jefa a shara gaban matata Rabi, na ce na bari har abada. Ta ce in gaya wa likita. Na ce ai ba shi ya koya mini sha ba, don haka ba sai na nemi izininsa ba (a lokacin ina jin wannan maganar cike take da hikima).

Ba a daɗe ba barci ya fara bi na ko'ina. A aji, a masallaci, har a layin sayen burodi sai in ji kaina yana lilo. Bakina ya riƙa bushewa. Na ce kewar sigari ce, za ta wuce.

Cikin wannan hali aka naɗa ni wakilin ango, tunda ni ne babba a gidan. Muka tafi Barmu da hantsi, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan amarya, na sha babbar riga na zauna kusa da liman. Kuskurena ɗaya, na jingina da bango. Liman ya fara huɗuba da muryarsa mai sanyi, ni kuwa sai ga ni cikin aji, yara sun yi layi suna miƙo mini aikin gida duk kuskure.

Daga baya aka ba ni labarin cewa waliyyin amarya ya ba da aure, liman ya juyo ya tambaye ni ko na karɓa wa Isuhu, aka ji shiru, sannan aka ji minshari. Kawunmu ya zungure ni da gwiwar hannu. Na buɗe ido ɗaya, na ce da muryar da nake tsawata wa yara:

"Ban karɓa ba. A koma a sake shi da kyau."

Uban amarya ya fara laluben takalmansa. Isuhu ya dube ni kamar zai yi kuka. Kawu ne ya cece mu, ya riƙe hannun dattijon ya ce masa ba ni da lafiya, magani ne ke magana ba ni ba. Liman ya sake tambaya, na ce na karɓa har sau da dama, wasu ma ba a tambaye ni ba.

Washegari Rabi ta tasa ni gaba sai asibiti. Likita ya yi dariya har ya cire tabarau, sannan ya yi mini bayani. Hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa ƙone wasu magungunan damuwa da sauri, irin nawa na ciki, shi ya sa aka ba ni gwargwadon mai shan sigari. Da na daina, maganin ya riƙa taruwa a jikina. Na tambaye shi, da ɗan fata a raina, ko in koma sha kenan.

"A'a, Mushe. Barin sigari shi ne abu mafi kyau da ka yi. Magani za mu rage, kuma ni zan rage shi, ba kai ba."

Ya rage, barcin ya tafi, damuwar ba ta dawo ba, sigari ma haka. Abin da na koya shi ne, ko abin kirki mutum zai yi wa jikinsa, in yana kan magani, likita ya fara ji kafin surukai su ji.