Ranar da Na Shafa Barkono Don Kyanwar Inna

Kyanwar ta ƙanena Idrisu ce. Tun da sojoji suka tare motar haya a unguwar Alshajara suka kwashe samari zuwa yaƙin kudu, har da shi, Inna ta mayar da ita ɗakinta. Da ita take hira. Aibin kyanwar ɗaya, cizo.

Ni kuwa tela ne a Kasuwar Umdurman, kuma ina ji da kaina. Na ce, "Inna, bar min ita. Yau za ta tuba."

Ta ce, "Kai dai ka rabu da ita."

Ban rabu da ita ba. Na kwaɓa jan barkono, na shafe yatsana, na miƙa mata cikin isa. Ta shinshina, ta yi atishawa, sannan ta kafa haƙori. Barkonon ya bi ramin cizon. Na kurma ihu, kyanwar kuma ta haura katanga ta gudu.

Yatsan ya kumbura, ga Sallah saura mako, ga ɗinkin mutane jibge. Wannan duk mai sauƙi ne. Kwana huɗu Inna na zaune a bakin ƙofa ba ta ko cin abinci, daidai inda ta zauna jiran Idrisu. Na karaɗe lungunan unguwarmu ta Mayo da hannu a naɗe ina cigiya.

Rana ta biyar kyanwar ta dawo da kanta, ko kallona ba ta yi ba.

Har yau tana cizo. A kasuwa kuwa, da na fara ba wani shawara sai teloli su ɗago kai: "Ya Ustaz, ɗalibarka ta sauke karatu kuwa?"