Rasuwar Hajiya Ƙarama, Motar da Ta Mutu Tana Ban-Ruwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da za su koma taka ƙasa, Malam Isiyaku Ɗanbaba, manomin rani a yankin Bunkure, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa tura ta, rasuwar motarsa, Hajiya Ƙarama. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, a bakin kanal ɗin da ke ƙasan gonarsa, ƙafarta ɗaya a sama.

Marigayiyar 'yar Kwatano ce. Takardunta sun ce shekarunta ashirin da shida. Bakanikenta, Baballe, ya ce a ƙara goma. An ƙera ta don mutum huɗu, amma ba a taɓa jin ta ƙi na tara ba. Ita ta kai Barira, maiɗakin Malam Isiyaku, awo, ta kai ta haihuwa, ta dawo da su da jaririya da buhun taki biyu a but. Ba ta da cin mai. Ba ta da gaggawa. Ana kiranta Hajiya duk da tun zuwanta hannunsa ba ta taɓa wuce Zariya ba. Maƙwabta za su daɗe suna tuna gaisuwarta ta safe, "kir-kir-kir… tuf," wadda ke nufin kowa ya fito ya sa hannu.

Ciwon ajali ya fara ne makon da tumatir ya yi fure, injin ban-ruwa ya tsaya. Gonar Malam Isiyaku a tudu take, ruwan kanal ba ya hawa da kansa. Sai ya ɗaga ƙafar gaban motar da jak, ya cire taya, ya ɗaura bel daga wilin zuwa famfo, ya sa giya ta biyu, ya ɗora bulo a kan totur. Ruwa ya hau. Manoma suka zo kallo har daga Kadawa.

Ya ce wa Barira kwana uku kawai. Aka yi mako biyar.

Baballe ya yi gargaɗi a gaban shaidu. "Malam, mota iska take sha in tana tafiya. Kai ka tsayar da ita wuri ɗaya tana gudu, kana ɗura mata ruwan kanal da lakarsa. Ko jaki ne ai ya kai ƙara." Malam Isiyaku ya amsa cewa saura ban-ruwa ɗaya. A wannan ɗayan ta yi tari sau biyu, ta saki farin hayaƙi, ta ce "tuf" ba tare da "kir-kir" ba. Agogonta na ƙirga kilomita ya nuna ta yi tafiyar Legas zuwa da dawowa, ba ta matsa taku ɗaya ba.

Ta rasu ta bar tayoyi uku masu sauran kwana, da safaya da ba a taɓa gani da iska ba, da rediyo mai kama tasha ɗaya, da kazar Barira da ke kwanci a kujerar baya. Ta kuma bar eka biyu na tumatir, jajir, wanda in bai isa kasuwar Kwanar Gafan ranar Alhamis ba, zai bi ta. Mai kai shi kuwa ita ce aka rasa. Da aka nemi jin ta bakin Barira, sai ta ce: "Maigida ya samu tumatir. Sai ya hau shi mu je unguwa."

Ba za a yi mata wanka ba, don ba ta saba ba. Za a miƙa gawar ga masu sayen ƙarafa ranar Juma'a, bayan kaza ta ƙyanƙyashe ko ta haƙura.

Zaman makoki a gona ne, ranar Alhamis da an sallame sallar asuba. Ana roƙon kowa ya zo da kwandonsa. Masu babur su zo ba goyo. Duk wanda marigayiyar ta taɓa rage wa hanya, Malam Isiyaku ya ce yana gane fuskarsa, kuma kwando biyu ne rabonsa na ɗauka zuwa kasuwa.