Tanimu Ya Yi Wa Gunki Hannu

Kun dai san Tanimu mai a-kori-kura, wanda ba ya rufe baki da cewa shekara ashirin yana dakon kaya, ko ƙwai bai taɓa fashewa a motarsa ba. To shi wani likita da ya yi karatu a ƙasar Girka ya aika ya ɗauko masa akwatin katako daga Kano zuwa Jos. Wajen Saminaka mota ta faɗa rami, ya ji ƙwas a baya. Ya tsaya ya ɓalle akwatin, sai ga mace ta farin dutse, kyakkyawa son kowa, zani ya zame mata har ƙugu, amma hannu babu ko ɗaya. Ya zazzage ciyawar da aka naɗe ta da ita, ya leƙa ƙarƙashin mota, har ramin ya koma yana tambayar masu tallan gyaɗa ko sun tsinci hannun mace. Wayam. Ya ce shi ke nan, sunan da ya yi shekara ashirin yana tarawa ya tafi. Sai ya karkata gidan amininsa Ilu magini. Ilu ya samo guntayen rodi da farin siminti, ya ɗora mata hannaye jibga-jibga kamar na mai dakan sakwara. Don tsabar kirki kuma ya sa sun damƙe bakin zanin gam.

Da aka buɗe akwati a Jos, likita ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

Ya ce, "Tanimu, hannun wa ye wannan?"

Tanimu ya ce, "Nata ne, ranka ya daɗe. Gobe war haka sun gama bushewa."

Likita ya dafe kai, kamar ya yi kuka. Ya ce, "Kai ka kashe ni. Ai haka take, ba hannu! Wannan ita ce wadda Girkawan zamanin da suka ɗauka allahiyar soyayya. Kwafinta na sa aka sassaƙa mini da marmara. Ta asalin ta haura shekara dubu biyu, kuma haka aka tono ta daga ƙasa."

Tanimu ya yi ajiyar zuciya, har da murmushi. Ya ce, "Af, ashe ba ni na karya ba. Alhamdulillahi. Amma duk likitocin ƙasar an rasa mai ɗora ta?"

Likita ya ce, "Wane irin ɗori? Ka san dubban mutane ne ke bin layi kullum, daga ko'ina a duniya, don su gan ta a hakan?"

Tanimu ya dubi zanin, ya dubi likita, ya gyaɗa kai.

Ya ce, "Mace zani na zamewa, ba hannun kamawa, ai dole a yi layi. To ka aika musu kowa ya kama gabansa, abin da suke jira Ilu ya riƙe shi da siminti."