Uban Dajin Dunbarra da Furensa

Kwarin Dunbarra ya yi sa'a, irin sa'ar da ba kowane kwari ke samu ba. Shekaru aru-aru bishiyoyin turare suna tsirowa a cikinsa kara zube, kangaru suna kiwo babu jadawali, tsuntsaye suna kuka ba tare da wani ya taɓa gaya musu sunayensu na littafi ba. Haka dajin ya zauna cikin duhun kai har ranar da aka jefo masa Mista Cedric Harbottle.

Shekara talatin da biyu bawan Allahn nan ya yi a hawa na goma sha ɗaya na wani ofishi a Melbourne, yana buga hatimi a takardun izinin ajiye mota. A can ya ƙware a kan halittu. Da ya yi ritaya sai ya sayi littattafan tsuntsaye uku, da madubin hangen nesa, da malafa mai faɗin faifai, da wando mai aljihu goma sha biyu. Daga baya ya ƙara da eka arba'in na daji, don kayan su samu inda za a riƙa sa su.

A makonsa na farko ya shiga kantin kwarin sayen madara. Mai kanti ya tambaye shi ko shi ne sabon mai gonar bayan rafi. Ya gyara malafa, ya dubi layin mutane, ya ce, "Gona? Ni ban sayi gona ba, abokina. Amana na karɓa. Abin da uba yake ga 'ya'yansa, shi nake ga wancan dajin." Kafin ya kai mota an raɗa masa suna Uban Daji. Da sunan ya iso kunnensa, sai ya sa aka rubuta shi a allon ƙofar gida.

Maƙwabciyarsa ta gabas ita ce Noelene Tuckwell, 'yar shekara saba'in da ɗaya, wadda aka haifa a ɗakin da take kwana har yau. Tana da tumaki kaɗan da wata tsohuwar goɗiya mai suna Biddy, wadda Noelene ta yi shekara ashirin da uku tana hawanta. Noelene ba ta taɓa karanta littafin tsuntsaye ba, saboda haka duk abin da ta sani, a wajen Uban Daji, jita-jita ne. Babban laifinta kuma shi ne tana kiransa Ced.

Abu na farko da uban ya lura da shi game da 'ya'yansa shi ne ƙazanta. Ga ganye a zube ko'ina, ga matattun itatuwa kwance suna ruɓewa, ga sarƙaƙiyar ƙaya da mutum ba zai iya ratsawa da wando mai tsada ba. Ya ɗauko hayar katafila. Kwana huɗu tana gurnani, ta tattara komai tsibi-tsibi, ya bi ya cinna wuta.

Noelene ta zo bakin shinge a kan Biddy, ta daɗe tana kallon hayaƙin.

"Ced, wancan kututturen mai kogo da ke ci da wuta, akwai masu kwana a ciki fa. Tun ina yarinya aku ke ƙyanƙyasa a nan."

"Madam Tuckwell," in ji shi, da muryar da yake yi wa masu neman izinin mota, "na san canji yana da wuya ga tsofaffin manoma. Amma daji kamar ofis ne. In ba a kwashe tsofaffin fayiloli ba, ina sababbi za su zauna?"

Ta dube shi, ta dubi wutar, ta juya akalar goɗiyarta.

Da ƙasa ta yi fes kamar filin ƙwallo, sai ya shuka ciyawar birni a gaban gida. Kangaru suka zo gaisuwa suka ɗanɗana, ya kewaye ta da waya mai tsayin mutum da rabi. Wani wombat, gajeriyar dabbar nan mai haƙa rami, ya buɗe rami a gefen hanyar mota, sai aka cika ramin da siminti. Sannan Uban Daji ya sa kafinta ya gina masa dandamalin katako mai matakala tara, domin nazari. Kullum ƙarfe tara da rabi, bayan ya karya da ƙwai da gasasshen burodi, yakan hau da kofin shayi da rediyo, ya buɗe labarai da ƙarfi, ya kafa madubi a ido. Ba abin da ke motsi sai tutar da ya kafa.

Wannan ya dame shi ƙwarai, har ya fara rubutu a takardar labarai ta kwarin, mai fitowa duk wata. Ya bayyana cewa bincikensa ya nuna namun dajin Dunbarra sun ragu matuƙa, kuma dalili shi ne sakacin mazauna na da. Matarsa Glenys, mace mai haƙurin da ya kai a ba ta lambar yabo, ta ce masa ita kam kullum tana ganin wasu 'yan tsuntsaye shuɗaye a bayan rumbu, inda katafila ta kasa shiga. Ya buɗe littafi, ya duba, ya ce ba lokacinsu ba ne, ta dai ga wani abu dabam.

Sai ga watan Satumba, sanyi ya janye. A wani kwazazzabo bayan tudu, inda katafila ta fi ƙwaƙule ƙasa, wani tsiro ya fito mai ganye da ƙaiƙayi da fure shunayya, kyakkyawa kamar an zana. Uban Daji ya duba littattafansa uku bai gan shi ba. Bai tuna cewa duka ukun na tsuntsaye ba ne. Ya ruga gida da murna.

"Glenys, dajin ya amsa mini," ya ce. "Wannan ba ya cikin littafi. Kin san me ake nufi da haka?"

"A tambayi Noelene mana."

"A tambayi wa? Don gobe a ji sunansa Tuckwell?"

Ya rantsar da ita a kan ta yi shiru. Ya ja ruwa da roba har kwazazzabon, ya zuba taki, ya tsugunna yana yi wa furen magana da yamma. Da ya bushe ya tattara irin a kwalaben jam, ya bi bakin rafi yana watsawa, rafin da ke gangarawa kai tsaye makiyayar Noelene. Shekara ta zagayo, bayan tudun nan ya zama shunayya tun daga sama har ƙasa. Tudu ya tare wa kowa gani, shi kuma ya ƙara da allo: Wurin Bincike, Ba A Shiga.

A can gangare, Noelene ta fara ganin abin a gefen ruwa. Ta san shi tun kafin ya yi fure. Mutanen kwarin suna kiransa La'ananniya. Daga ƙetare aka shigo da shi tun zamanin kakanni don ado, ya fantsama ya cinye makiyayu, kuma dokin da ya daɗe yana cinsa hantarsa ke lalacewa. Ita da marigayin mijinta sun yi shekara goma sha biyar suna tuge shi kafin ya ƙare. Yanzu ga shi ya dawo, ta rasa ta ina. Tana tugewa da safe, gwiwoyinta na ciwo, wani na fitowa. Biddy kuwa ta soma ramewa, tana tsayawa ta jingina kai da shinge.

Ana cikin haka ƙungiyar kula da daji ta kwarin ta tashi zaɓen sabon shugaba. Uban Daji ya ga lokaci ya yi. Ya gayyaci 'yan ƙungiya su yi taron a gidansa ranar Asabar da hantsi, ya ce akwai abin da zai girgiza masana har na ƙasashen waje. Mutum goma sha tara suka zo. Aka kai teburin shayi da kek ɗin Glenys saman tudu, aka ɗaura jan ƙyalle tsakanin sanduna biyu. Noelene ta zo a ƙafa, ta tsaya can baya, idanunta jajur.

Minti arba'in ya yi yana jawabi. Ya yi bayanin yadda ya tarar da dajin maraya. Ya gode wa haƙurinsa da kaifin idonsa. "Wasu sun yi shekara saba'in a kwarin nan," ya ce, "suna takawa ba sa gani. Ni shekara biyu kacal. Ba alfahari nake ba, baiwa ce. 'Yan uwa, ku matso ku ga furen da duniya ba ta sani ba, wanda daga yau za a kira shi Furen Harbottle."

Ya yanke ƙyalle. Suka haura, suka leƙa.

Shiru ya yi yawa har Uban Daji ya ɗauka mamaki ne, ya fara sunkuyar da kai yana jiran tafi. Wanda ya fara magana shi ne sakataren ƙungiya, Wal Petrakis, tsohon mai sausayar tumaki da ba ya ɓata kalma.

"Kai, jama'a. Eka nawa ke nan?"

"Kusan shida," in ji Uban Daji. "Da hannuna."

"Da hannunka?"

"Har bakin rafi na watsa irin."

Mutane suka buɗa wa Noelene hanya ba tare da ta nema ba. Ta zo ta tsaya gabansa, kanta bai wuce kafaɗarsa ba.

"Ced, wannan La'ananniya ce. Ko jikata 'yar shekara biyar ta san ta. Wata uku ina rarrafe a bakin ruwa ina tambayar kaina daga ina take zuwa." Ta juya ta dubi furen. "Jiya likita ya yi wa Biddy allurar ƙarshe. Hanta. A gindin bishiyar da na fara hawa bayanta muka binne ta."

Glenys ta rufe baki da hannu. Wani zai ce a nan mutum zai cire malafa. Amma babban mutum ba ya barin ɓacin rai ya rufe masa ilimi. Uban Daji ya yi gyaran murya.

"Abin baƙin ciki ne, Madam Tuckwell, ƙwarai. Sai dai in za mu bi kimiyya, doki ma ai ba ɗan asalin ƙasar nan ba ne. Shigo da shi aka yi."

"Kai kuma fa?" in ji Wal.

Ba a yi zaɓe a ranar ba. Wal ya je motarsa ya dawo da buhuna da safar hannu, ya raba wa kowa, ya ajiye na ƙarshe a ƙirjin mai gida. Kowa da kowa suka shiga cikin furen suna tugewa, har da Noelene, har da Glenys da rigarta ta kwalliya. Uban Daji ya tsaya yana bayanin cewa dama yana da shakku, kuma tara abin a wuri guda ya sauƙaƙa nazarinsa. Ba wanda ya ɗago. Da ya ga ba mai sauraro sai ya durƙusa, a hankali, don kada aljihunan su taɓa ƙasa.

Ya kama tushe na farko ya ja. A ƙarƙashin ganyen wani ƙadangare ne kwance yana shan rana, mai kauri kamar damtse, irin mai shuɗin harshen nan da ke cin dodon koɗi a lambun kowa, wanda yara ke ɗauka a hannu. Ya buɗe baki ya nuna masa harshe.

Ihun Uban Daji ya kai bakin titi. "Maciji! Maciji! Ku kashe shi!" Ya bar malafa, ya bar madubi, ya haura tudun da gudun da ba a san yana da shi ba, ya ɗare teburin shayi, ƙafa ɗaya cikin kek. Ƙadangaren ya rufe bakinsa, ya ja ciki ya wuce abinsa.

Ƙungiyar tana da littafin da take rubuta duk dabbar da aka gani a kwarin, da wurin, da sunan wanda ya gani. Wal ya zaro shi daga aljihun baya, ya lashi bakin fensir, ya rubuta yana karantawa da ƙarfi don kowa ya shaida.

"Ƙadangare mai shuɗin harshe, guda ɗaya, lafiyarsa ƙalau. Wanda ya gani, Mista C. Harbottle." Ya ɗaga kai ya dubi teburin. "Daga ina zan ce ka yi nazarin, Ced? Daga kan tebur, ko daga cikin kek?"