Rasuwar Shuɗiya, Ƙwaryar Gilashi

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, ni Magagi Haruna, mai sayar da hatsi a kasuwar Filinge, a madadin iyalina, ina sanar da ƴan uwa da abokan arziki rasuwar ƙwaryarmu ta gilashi, wadda muke kira Shuɗiya. Ta cika a gidana bayan gajeriyar jinya.

An haifi marigayiya a Yamai, cikin wutar wani ɗakin aikin gilashi, a hannun ɗiyata Samiratu. Asalinta fasassun kwalabe ne. Samiratu ta narka su, ta ɗebo da bututun ƙarfe, ta yi ta hurawa tana juyawa har ƙwarya ta fito, shuɗiya, da ɗige-ɗigen rawaya a gindi kamar an watsa gero. Kafin ita, duk waɗanda yarinyar ta hura sun fashe tun ba su huce ba. Ita kaɗai ta rayu.

Ta yi suna tun tana ƙarama. Madam Anisa, mai gidan nuna kayan fasaha da suke kira galeri, ta kai ta baje kolin sana'o'in hannu na Yamai. Aka ɗora ta kan farin akwati, aka kunna mata fitila ita kaɗai, aka rubuta kada a taɓa. Manyan mutane sun tsaya gabanta, hannuwansu a baya.

Ni na roƙi a ba ni aronta kafin a wuce da ita wani baje kolin a ƙasar waje. A kasuwa an daɗe ana tambayata ko har yanzu ɗiyata tana can tana tsintar kwalba. Na aje ta a zaure, na buɗe ƙofa. Masu tambayar suka shigo, suka duba, suka fita, daga ranar tambayar ta mutu.

Marigayiya mai kunya ce, ba ta da ɓoye-ɓoye, duk abin da ke cikinta a fili yake. Da hantsi takan shafa wa bangon zaure shuɗi. Ba ta magana sai an ƙyasta mata farce, sannan ta ce "tiiin", ta ja shi a hankali har ya ɓace.

Ciwon ajali ya same ta ranar da yayata Muna ta zo daga Bonkuku. Ta dama kunun gero, ta rasa mazubi, ta leƙa zaure. Uwargidana Halima ta biyo ta da sauri tana cewa, "Yaya, wannan ta kallo ce."

"In ta amsa sunan ƙwarya, ta yi aikin ƙwarya," in ji Muna, ta juye kunun da zafinsa.

Shuɗiya ta ce "ƙas". Wannan ce kalmarta ta ƙarshe.

Tsaga ta fito daga baki, siririya kamar gashi. Muka kira Kailu mai gyaran salula, ya zo da gam, ya duba, ya girgiza kai ya ce a yi ta addu'a. Halima ta shafa ƙaro. Tsagar ta ci gaba da tafiyarta, har wata safiya muka iske marigayiya ta rabe, ta zube kan tabarma.

Na kira Samiratu a waya. Na faɗa mata kunu mai zafi ya fasa Shuɗiya.

"Baba, wa ya zuba?"

"Gwaggonki."

"To kunun dai an sha?"

Na ce an sha. Ta yi dariya, amma na ji kuka a ciki. Ta ce ita za ta fuskanci Madam Anisa, mu dai kada mu zubar da ko ɓarɓashi.

Marigayiya ta bar ƙannenta, ƙananan kofunan gilashi da ke galeri, da kwalin da ta zo cikinsa, da faifan da Halima ta ɗinka mata bai taɓa rufe ta ba. Ta bar Muna, wadda ta ƙi cin abinci tun ranar, ko da yake har yanzu tana cewa ƙwaryar duma ba ta yi mata haka.

Jana'iza za ta kasance kamar haka. An tattara gawar, an naɗe ta cikin tsohon zanen Halima. Za ta bi motar Yamai ranar kasuwa, Muna da kanta za ta riƙe ta a cinya, don ta rantse ba wanda zai kai ta sai ita. A can za a mayar da ita wutar da ta fito. Ana karɓar gaisuwa a zaurena bayan la'asar, kowa ya zo da kofinsa.

Samiratu ta ce abin da ya rage za ta yi wa gwaggonta duwatsun wuya da shi. Ta tabbatar mini ba su da wurin zuba kunu.

Allah ya ba mu haƙurin rashi.