Yadda Za Ka Gyara Wa Tsohon Gwamna Tarihinsa Kafin Juma'a

Gargaɗi tukuna: ranar Juma'a akwai abin da zai faru a makarantar 'yata da ke Germantown, nan ƙasar waje, kuma jikina bai ba ni zai yi kyau ba. Duk da haka, kai mai ɗa a aji huɗu, bi matakan nan. Na ba ka tabbacin ɗanka zai fita daban a cikin yara.

Ga aikin. Ana ba kowane yaro wani babban mutum, ya haddace tarihinsa, ya yi shigarsa, ya tsaya gaban iyaye da malamai ya zubo. Afnan tawa, wadda ko sallamar baƙo ta ji sai ta ɓuya bayan uwarta, ita aka ba Gwamna Raymond, tsohon gwamnan wata jiha can yamma.

1. Ƙwace aikin daga hannun uwar

Ka ce, "Sailuba, wannan harkar siyasa ce, bar mini." In ta tambayi inda ka karanci siyasa, tuna mata shekarun da ka kwashe kana sauraron rediyo a cunkoson babbar hanya mai lamba 270.

2. Karanta tarihin, ka ji kunya a madadinsa

Ɗan manomi ne. Ya sayar da tayoyin mota, ya zama magajin gari, ya yi gwamna sau biyu, ya gyara gadoji. Madalla. To da ya sauka fa? Wai gona ya koma yana kiwon zuma, yana tuƙa kansa a tsohuwar akori-kura. Ba jiniya, ba ɗan sanda ko ɗaya. Wa zai tafa wa yarinya a kan wannan?

3. Tuntuɓi masana

Wato Ubale, mai shagon kayan miya a Hyattsville.

"Haba Baban Afnan! Gwamna ya sauka bai wuce majalisar dattawa ba? Wallahi mantawa suka yi ba su rubuta ba."

"Ko sarauta ba a ba shi ba, Ubale."

"Inna lillahi. Marainiyar jiha ce ke nan?"

4. Cike gurbi

Tura shi majalisar dattawa. Sauya masa jam'iyya, domin ɗan siyasar da bai taɓa sauya sheƙa ba bai fara ba. Ba shi jerin gwanon motoci. Zumar ka bar masa, amma ka ce yaransa ke kula da ita.

5. Haddatar da yarinya

Za ta ce maka da Turanci, "Abba, ba haka yake a littafin ba." Ka ce littafi ƙarami ne, bai ɗauke komai ba.

A nan za ka ga abin da ba ka zata ba. Yarinyar da ba ta iya haɗa ido da baƙo za ta haye kujera, kwat ɗinka na jan ƙasa, tana kukan jiniya da baki, tana ɗaga wa jama'ar da babu su hannu. Shiga kicin ka goge ido, ka ce albasa ce.

6. Kada uwar ta ji

Ni tawa ta ji.

"Sanata? Malam, malamar ajinsu, Malama Becky, da littafin a hannu za ta tsaya! So kake a ƙaryata mini 'ya a gaban mutane?"

Ta zaunar da Afnan, ta mayar da mutumin gonarsa. Yanzu gwamna biyu ne a kan Afnan. Na uwarta gaskiya ne, amma tana faɗinsa ƙasa-ƙasa, tana kallon takalminta, har takan tsaya a tsakiya. Nawa kuwa, don ƙarfin muryarta, har maƙwabcinmu na benen sama ya buga mana ƙasa a kansa.

Abin da duk ya biyo baya a gidanka, ba hannuna, ba na Ubale. Jiya na tambayi Afnan wanne za ta faɗa, ta ce sai ta ga fuskokin mutane. Ban san wanda zai fito daga bakinta ba, kuma har yanzu ban san wanne nake roƙon Allah ya fito ba.