Ajiyar Haladu a Rumfar Mai Goro

Kun dai san Haladu mai ɗaukar bidiyon biki, wannan dogon da ke yawo da kyamara a wuya ko jana'iza za shi. To wallahi abin da ya same shi makon jiya, ni da aka yi a gabana har yau in na tuna sai na riƙe ciki. Tun farko wani mai gyaran kwamfuta ne ya tsorata shi. Ya ce masa kwamfuta ba ta da alƙawari, yau tana lafiya gobe ta mutu da aikinka a ciki, don haka ya riƙa kwafe komai a wani ɗan baƙin akwati mai kamar sabulun wanka, kuma kada ya kuskura ya bar akwatin a shago ɗaya da kwamfutar. Haladu ya ji shawara, abin da bai saba ba. Yana gama ɗaukar bikin 'yar Hajiya Ladidi ya kwafe shi kaf a akwatin, ya kai wa kawunsa Mati mai goro a kasuwa. Kawu Mati kuwa in dai riƙon amana ne ba a magana, allura ka ba shi ajiya, sai ka dawo ka same ta da zarenta.

"Kawu, wannan abin rayuwata ce," in ji Haladu. "Don Allah kada ya lalace."

Tsoho ya jujjuya shi a hannu, ya ce, "Je ka abinka. A rumfar nan abu ba ya lalacewa."

Ita kuwa Hajiya Ladidi ba sai na gaya muku ba. Duk bikin da za a yi a unguwa ita ke cewa wa zai yi girki, wa zai yi kiɗa, wa zai ɗauki hoto. In ta ce ba ka iya ba, sai dai ka koma sayar da rake. Kuma a bikin nan ta taka rawa da wani leshi mai ruwan zuma, ta ƙagu ta ga kanta a talabijin. Haladu, sarkin gobe da jibi, ya yi ta ja mata rai wata da watanni, wai yana sa wa bidiyon kwalliya.

Ranar nan ina zaune a shagonsa sai wuta ta dawo da ƙarfi. Muka ji fus! Kwamfuta ta yi hayaƙi, shago ya ɗau ƙauri. Hayaƙin bai gama fita ba sai ga Hajiya ta sauko daga adaidaita sahu.

"Haladu, yau ba inda zan je sai da bidiyona. Wannan ƙaurin na mene ne?"

Gogan naku ya gyara wuyan riga. "Kwamfuta ce ta ƙone, Hajiya. Amma kwantar da hankalinki, ai mu aikin zamani muke yi. Akwai kwafi a wani wuri daban."

"Mu je wurin daban ɗin."

Muka ɗunguma kasuwa mu uku. Duk hanya Haladu na yi mana lacca, wai duk mai sana'ar da ba ya ajiye kwafi bai san ciwon kansa ba. Har da nuna ni da yatsa, ni da ko kwamfutar ba ni da ita.

Muka tarar da Kawu Mati da buta a hannu yana yayyafa wa goronsa ruwa. Kun san goro ba ya son bushewa, kullum a jiƙe ake ajiye shi cikin ganye da buhu. Aka gaisa, ya miƙa wa Hajiya farin goro, Haladu ya ce a ba shi ajiyarsa. Tsoho ya tashi da fara'a, ya wuce duk buhunan gaba, ya jawo wani daga can ƙurya inda yake ɓoye goron manyan baƙi. Buhu sharkaf. Ya kwance, ya ɗaga ganye, ya ɗaga wani ganyen, ya tura hannu har gwiwa. Ni dai na ga murmushin Haladu yana ficewa a hankali.

Sai ga akwati ya fito a naɗe da ɗanyen ganye, ruwa na ɗiga. Bakin da ake soka waya ya yi ja da tsatsa, gefensa har gansakuka ta fara fitowa.

"Ungo," in ji Kawu, yana goge shi da hannun riga. "Safe da yamma ban taɓa tsallake shi ba. Ranar da na yi zazzaɓi ma sai da na rarrafo na zo. Duba da kyau, ko ƙwaro bai taɓa shi ba."

Haladu ya karɓa, ya kai kunne ya girgiza. Muka ji ruwa na ƙara a ciki kamar kwakwa.

"Innalillahi," ya ce, ya zauna a kan buhun mutane.

Hajiya ta cire goron daga baki. "Haladu, bikin 'yata ne ke yin wannan ƙarar?"

"Hajiya, a yi haƙuri. Akwai dabara." Haladu ya miƙe daga kan buhun. "A sake bikin. Ko na yini guda ne. Ki saka leshin, a kira makaɗa, ni zan ɗauka kyauta."

"A sake me? Amaryar da ko takalmi ba ta iya sunkuyawa ta saka? Yau ko gobe za ta haihu!"

"Sai in ɗauke ta daga wuya zuwa sama."

"Kai zan ɗauke daga wuya zuwa sama!"

Kafin ka ce me, 'yan kasuwa sun taru. Wani ya ce a shanya shi a rana, wani ya ce a binne shi cikin shinkafa, wani mai wayo kuma ya ce a matse. Haladu ya ga sana'arsa na tafiya a gaban idonsa, ga Hajiya ta fara lalubar waya a jaka za ta sanar da matan unguwa. Tausayi ya kama ni ƙwarai, amma dariya ta fi ƙarfina. Sai ya juya kan tsoho, ya manta cewa kawunsa ne, ya ɗaga murya har da hawaye.

"Kawu, ka kashe ni! Wa ya ce ka zuba masa ruwa? Ka san abin da ke cikin nan? Amarya na ciki, ango na ciki, Hajiya na ciki, dangi, makaɗa, 'yan rakiya, duk unguwa na cikin akwatin nan!"

Kawu Mati ya dube shi sama da ƙasa, ya ɗauki butarsa.

"Au, ashe ma da mutane a ciki? To ni ko ba komai na ba su ruwa. Kai da ka kulle su, ko kunu ka taɓa aiko musu?"